Muryar Nabat

Ta tagar ɗakinsa Tagan ya ga bakin surukarsa, matar ɗansa, karo na farko cikin shekara ashirin da uku.

Ba leƙe ya je yi ba. Tashi ya yi don ya rufe tagar saboda iskar da ke kaɗowa daga gonakin alkama, sai ya hango Nabat tsugune a bayan tanderu, inda take zaton babu mai ganinta. Ta sauke gefen gyalenta zuwa haɓa, ta gutsuri gurasa, ta yi ta tauna kamar ba za ta gama ba. Da ta haɗiye sai ta tsaya cik, ta miƙar da wuya. Ta dunƙule hannu ta bubbugi ƙirjinta sau uku. Can ta sunkuya ta tofar a tafin hannunta, ta haɗa da sauran gurasar ta jefa wa kare, ta mayar da gyalen kan bakinta.

Tagan ya koma ya zauna, tagar ma bai rufe ba. Wata uku ke nan yana mamakin ƙibar da karen nan yake yi, har ya taɓa zarginsa da satar ƙwai a maƙwabta. Ashe rabon Nabat yake cinyewa. Bugun ƙirjin nan kuwa ya san shi sarai. Haka matarsa Ogulgerek ta riƙa yi shekara tara da suka wuce, farko a kan gurasa, daga baya a kan shinkafa, daga ƙarshe har a kan ruwa.

Ya ɗaga kai ya dubi jakar saƙi da ke rataye a bango, inda yake ajiye takardun gona. A cikinta akwai wata takarda mai jan hatimi, wadda ta shekara ɗaya da wata huɗu a wurin. Bai taɓa mantawa da ita ba, ko na yini guda.

* * *

A ƙauyukanmu na Turkumawa matar ɗa amarya ce har ta yi furfura. Ranar da ta shigo gida take jan gefen gyalenta ta rufe baki, abin da muke kira yashmak, kuma daga ranar ba ta magana da uban mijinta, ba ta ci ba ta sha a gabansa. Mun ce ladabi ne, muna kuwa tinƙaho da shi. In ana yabon gida sai ka ji an ce, “Gidan wane? Ai ko tarin amaryarsa ba ka ji.” Gidan Tagan na cikin waɗanda ake yabo.

Da can abin bai zama nauyi ba, don gidan cike yake. In Nabat tana da magana sai ta raɗa wa Ogulgerek, ko ta aiko ’yarta Maisa. To Ogulgerek ta rasu, Maisa ta yi aure a birnin Gorgan. Ashir kuma, mijin Nabat, ɗan Tagan tilo, walda yake yi a wuraren haƙar gas na kudu, tafiyar yini da kwana a bas, sau biyu yake leƙo gida a shekara. Gida ya rage mutum biyu da kare da tumaki goma sha huɗu. Tagan yakan yi gyaran murya tun daga ƙofar gida don ta kintsa. In yana son abu sai ya faɗa wa bango: “Yau kamar za a yi ruwa, da an kwashe shanya.” Kafin ya juyo shanya ta kwasu. Ita kuma in gari ya ƙare sai ta jingine buhun a bakin ƙofarsa. Haka suka zauna lafiya lau, babu wanda ya taɓa ɓata wa wani, kaɗaici kuma yana cin kowannensu a ɗakinsa.

Sau biyar a yini take kawo masa shayi, yana tururi, yadda muke sonsa. Nata a tsaye take shansa a bayan ƙofar kicin, kurɓa uku, kafin ya kira ko wata tunkiya ta yi kuka. Amarya ba ta da lokacin hura shayi.

Da kakar bara waccan ne masu bincike suka zo daga birni cikin farar mota. Suka ce ciwon dajin maƙoshi ya yi wa yankinmu yawa, suna so su gano dalili. Ba labari suka ba mu ba, kowane layi a ƙauyen akwai gidan da aka yi ta dama wa wani kunu har ya mutu. Suka bi gida-gida suna tsoma ma’aunin zafi a kofin shayi, suna yankar farce da gashi suna ƙullewa a leda, tsofaffi na tambayarsu ko asiri za su haɗa. Daga nan suka kwashi duk wanda ya haura arba’in a bas zuwa asibiti a Gonbad. Lokacin Ashir yana gida, shi ya sa wa matarsa hannu. Tagan ma ya je. Aka zura masa tiyo mai fitila ta baki, aka fesa aidin a ciki. Sun ce lafiyayyen nama yakan rine ya yi duhu, wanda ya fara lalacewa kuwa sai ya ƙi rini ya tsaya fari, kuma nan suke tsinkar ɗan nama kamar ƙwayar gero su jefa a kwalba. Nasa ya rine tas, shi mai shekara saba’in da biyu. A na Nabat, kamar yadda ya ji daga baya, wuri biyu aka tsinka.

Bayan sati biyar Jeren, ma’aikaciyar ɗakin shan magani na ƙauyen, ta kawo sakamako. Sai dai Jeren matar ɗan ƙanensa ce, ita ma bakinta a rufe yake a gabansa. Ta durƙusa, ta ajiye takardar a kan darduma, ta ɗora yatsa a kan jan hatimin ta danna sau uku tana kallonsa.

Ya ce, “Na gani, amarya. Ki gaida gida.”

Ta ɗan yi jim kamar ba za ta tashi ba, sannan ta fita.

Abokinsa Hojaguli, tsohon malamin makaranta, shi ya karanta masa a kan bencin bayan masallaci, yana nesanta takardar da idonsa.

“Ba ciwon ba ne tukuna,” in ji Hojaguli. “Sun ce naman ya fara canza kama, yana kan hanya. A kai ta cikin wata guda su kankare wurin ta tiyon nan, ba yanka ba ne. Ku je da safe ku dawo da yamma.”

“Haka suka ce da Ogulgerek.”

“Ogulgerek kun kai ta tana haɗiyar yawu da ƙyar. Kai dai tsohon rago ne. Ɗauki yarinya ka kai ta.”

“Ni? In ce mata me? Amarya, yaya abinci yake wucewa a wuyanki? Ai tana da miji.”

“Mijin da yake bayan duniya? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Tagan.”

“Kai ka saba wanka a kasuwa, shi ya sa.” Tagan ya fizge takardarsa ya ninke. “Kuma ka iya bakinka. Maisa ko wata shida ba ta yi a gidan mutane ba, kar ka sa su fara cewa daga gidan ciwo ta fito.”

Da yamma ya kira Ashir a waya, ƙarar injina na tashi a bayansa.

“Akwai takardar mutanen gidanka, daga asibiti.”

“Ba ta da lafiya ne, Baba? Jiya muka yi magana, ba ta ce komai ba.”

“Ƙalau take. Yanzu haka tana tatsar tumaki.”

“To a ajiye, in na zo Sallah sai in duba.”

Ashir ya zo babbar Sallah, kwana huɗu. Gida ya cika da baƙi da ƙamshin shinkafa da naman rago, aka yi dariya a tsakar gidan da ya manta da ita. Sau biyu Tagan yana ciro takardar ya sa a aljihu, sau biyu yana kasa ɓata wannan daɗin. Sai a bakin bas ya miƙa masa. Ashir ya karanta a tsaitsaye, direba na danna masa ham. Ya ce, “Ga ta nan tana aikin mutum uku, Baba. Bari a gama girbi.” Girbi ya zo ya wuce, hutun gaba kuma ba a sake shi daga wurin aiki ba.

Daga asibitin sun bugo sau biyu, don lambar maigida ce a takardunsu. Tagan ya ce musu suna nan tafe. Jeren ta zo ta tsaya a ƙofar ɗakinsa har sau uku, shi kuwa ya faɗa wa bango cewa ana sane. Ba mugun mutum ba ne, kowa ya shaida. Tsoro yake ji. Yana ganin muddin takardar tana cikin jaka, takarda ce kawai, amma ranar da ya furta abin da ke cikinta ranar ciwon zai shigo gidan, kamar yadda ya shigo a da. Ga kunya kuma ta ba shi inuwar fakewa, ya shige ya zauna.

* * *

Washegarin ranar da ya ga bakinta, da hantsi, ya shiga garke ya zaɓi tunkiyar da ta fi kowacce, mai ciki. Akwai hanyar da kakanninmu suka bari: uban miji yana iya yafe wa amarya shirunta in ya ba ta kyauta. Ba kasafai ake yi ba, wanda ya yi ma sai a riƙa cewa girma ya gundure shi. Tagan ya ja tunkiyar har ƙofar kicin, kuma bai yi gyaran murya ba.

Nabat tana kwaɓin gurasa. Tana ganinsa ta juyar da fuska ga bango, hannuwanta duk ƙullu. Sai yanzu ya lura da yadda awarwaronta ya sauko har kan tafin hannu.

“Nabat,” ya ce. Sunan ya yi masa baƙunta a baki, don bai taɓa kiransa ba. “Wannan taki ce, da abin da za ta haifa. Na yafe miki yashmak. Daga yau ki yi mini magana kamar ’yar da na haifa.”

Tunkiyar ta miƙa wuya tana shinshinar kwanon gari. Can Nabat ta sa bayan hannu ta zame gyalen, ba ta juyo ba.

“Na gode, Baba.”

Muryar a dishe take, kamar ana jan buhu a kan siminti. Ya yi zaton kuka ne ya shaƙe ta.

“Mura kike yi?”

“Wata biyu ke nan haka take.”

Ya ciro takardar daga aljihu, ta yi laushi saboda ninki. Ya kwana yana tsara abin da zai ce, amma kafin ya fara ta riga shi.

“Na san ta, Baba. Jeren ta gaya mini tun ranar da ta kawo. Duk Juma’a in ina kakkaɓe jakar nan ina jin ta a ciki.”

“Kin sani?” Ya dafa ƙofa. “To me ya hana ki gaya wa Ashir?”

“Sai ya ce ina takardar, in ce tana wurin Baba? Na kai ƙararka wurin ɗanka ke nan.” Ta fara goge ƙullun da ke yatsunta ɗaya bayan ɗaya. “Da Sallah kuma na ga ka ba shi, na ga ta dawo jaka. Na ce kun fi ni sanin lokacin da ya dace.”

Babu zargi ko kaɗan a maganar, kuma wannan ne ya fi yi masa ciwo. Da zagi ta yi da ya san inda zai ajiye shi. Shi yana ɓoye mata don kar ta tsorata, ita tana yin shiru don kar ya ji kunya, takarda kuma tana rataye a tsakaninsu wata goma sha shida.

“Wanke hannunki,” ya ce. “Motar Gonbad tana tashi ƙarfe goma.”

* * *

Likitan, Dakta Sarli, ɗan yankinmu ne, da harshenmu ya yi musu magana. Bayan an sake zura tiyon, an kwantar da Nabat ta huta, ya kira Tagan ofishinsa ya juyo masa da allon kwamfuta. Hotuna biyu ne a jere.

“Wannan na wancan karon ne, Baba. Ka ga farin tabon nan? Bai kai farcen yaro ba. A saman fata yake, da na kankare shi cikin rabin awa.” Ya matsar da biro. “Wannan na yau ne.”

Tagan ba ya buƙatar karatu kafin ya gane. Hanyar da ke buɗe a hoton farko ta tsuke a na biyu, wani jan nama ya kumburo ya tare ta.

“Ni na bugo maka da kaina,” in ji likitan, ba da faɗa ba. “Ka ce kuna tafe.”

“Ga mu mun zo.”

Dakta Sarli ya cire tabarau ya murza idanu. Da alama ba yau ya fara jin irin wannan amsa ba. Ya jawo wani akwati mai layi-layi, ya zaro ɗan gilashi siriri mai ɗigon launin shunayya a tsakiya, da lamba a gefe.

“Naman da muka tsinka mata a wancan karon ke nan. Mun daskarar da shi, mun yanka shi siriri fiye da fatar albasa. Sashensa an aika ƙasashen waje tare da na wasu ɗaruruwa, masana suna dubawa, don a gane wane tabo ne zai zama ciwo, wane ne ba zai zama ba. Nata tun farko bai ɓoye kansa ba, shi ya sa na buga jan hatimi.”

Tagan ya karɓi gilashin ya ɗaga shi wajen taga. Ƙwayar geron nan ta hau jirgin sama, ta tsallake teku, manyan malamai sun sunkuya a kanta. Mai naman kuwa ta kasa tafiyar awa ɗaya da rabi a mota, saboda babu wanda zai buɗe baki.

“Muryarta fa?” ya tambaya. “In kun yi magani za ta dawo?”

“Ciwon ya ratsa bangon maƙoshin, ya kama jijiyar murya. Za mu ɗauki wasu hotuna, amma ba na so in yi maka ƙarya. Za mu sa mata ɗan bututu ya buɗe hanya, mu gasa wurin da haske. Za ta iya cin abinci na wani lokaci.”

“Na wani lokaci.”

“A kira mijinta ya zo, Baba. Ba Sallah ba, yanzu.”

A bas ɗin komawa suka zauna kujera ɗaya. Wata mata daga ƙauyen ta ga amaryar gidan Tagan bakinta babu gyale a gefen surukinta, ta taɓa ta kusa da ita, suka yi ƙus-ƙus. Tagan ya gan su. Da jiya ne da wannan ya hana shi barci, yau kuwa bai ji komai ba.

* * *

Da la’asar ya ce ta zauna, shi zai dafa shayi. Ya daɗe yana laluben inda ake ajiye ganyen, ya ƙona yatsa a jikin buta, ya kawo kofi biyu ya ajiye a kan darduma. Ashir yana hanya, sai gobe da rana zai iso. Nabat ta zauna a can bakin dardumar, a ɗosane, kamar baƙuwar da ke jiran a sallame ta. Ta kai hannu ga kofinta.

“Bari ya huce,” in ji Tagan. Ya jawo kofin gabansa ya fara hurawa.

Suka yi shiru. Shirun bai yi musu wuya ba, shi kaɗai suka iya tare. A waje kare yana zagaya tanderu yana jiran rabonsa.

“Nabat, yaya muryarki take a da?”

Ta ɗan yi murmushi. Ya ga ashe tana da wushirya.

“Sun ce irin ta mahaifiyata ce. Da Maisa tana ƙarama nakan rera mata waƙa in ka tafi masallaci. Ko bayan ta tafi ban daina ba, tumaki nake yi wa.” Ta dube shi, karo na farko ido cikin ido. “Ba ka taɓa ji ba, Baba? Ko ta bayan katanga?”

Ya yi tunani, ya bi shekarun ɗaya bayan ɗaya yana nema. Bai samu ba. Kullum gyaran muryarsa ne yake riga shi shiga gida.

“Ban taɓa ba,” ya ce.

Tururin ya ɗauke. Ya taɓa kofin da bayan yatsa, ya tura mata. Ta karɓa da hannu biyu, ta kurɓa kaɗan, ta riƙe a baki. Ya ga wuyanta ya motsa sau ɗaya, ya sake motsawa. Hannunta ya dunƙule a kan cinya, amma ba ta ɗaga shi ba. A hankali ta juyar da kai, ta jawo gefen gyalen ta rufe bakinta, danshin shayin da ya ƙi wucewa ya fara yaɗuwa a jikin ƙyallen.

Tagan ya kawar da ido ya dubi bango, inda jakar saƙin ke rataye.

“Shayin nan yau bai yi daɗi ba,” ya ce. “Da an bar shi.”